Ɗiyar Inna

Balki ta shigo Kaduna a gaban motar albasa, cikin watan Oktoba na 1988, da akwatin ƙarfe guda, da risho, da takardar ma'aikatar ilimi mai cewa an sake ta shekara ɗaya ta je ƙaro karatu. Kawu Ila ne ke jan motar, ƙanen mahaifiyarta, wanda ya fi shekara ashirin yana ɗauko kaya daga Ƙaura Namoda zuwa Babbar Kasuwar Kaduna duk ranar Alhamis. Malamar sakandare ce mai digiri, mijinta ya rasu shekara uku da suka wuce, yanzu kuma ta samu gurbin yin babbar difloma ta bayan digiri a wata kwaleji da ke wajen Unguwar Rimi. A gida kowa ya ce ta yi sa'a. Ba wanda ya tambaye ta abin da ta baro, ita ma ba ta faɗa ba.

Abin da ta baro yarinya ce 'yar shekara biyar, mai siraran ƙafafu da ido ruwan ɗorawa. Amosanin jini ke gare ta, ciwon nan da likitoci ke kira sikila. Da sanyi ya ɗan taɓa ta sai gaɓoɓinta su ɗauki ciwo, ta yi ta kuka kwana uku, kwana huɗu, har murya ta dushe. Sau biyu ana fid da rai da ita. Sunanta Hasiya. Mu da ba mu haife ta ba muna iya faɗa. Balki kuwa bakinta bai taɓa furta sunan nan ba, domin 'yar fari ce, kuma a gidansu ɗan fari ba na uwa ba ne. Tun ranar yaye aka miƙa ta ɗakin Inna, mahaifiyar Balki. Can take kwana, Inna ta sani a matsayin uwa, Balki kuwa Yaya take ce mata. Balki ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta yi mata wasa, ba ta tambayar ko ta ci abinci. Wannan ita ce kara, kuma matan unguwa sun sha yabon Balki a kai, wai duk bokon da ta sha bai cinye mata kunya ba. Su dai ba su taɓa ganinta a laɓe bayan zana tana sauraren numfashin yarinyar ba.

Ɗakin da Kawu ya samo mata a Unguwar Shanu yake, cikin gidan haya mai ɗaki goma sha ɗaya da famfo guda. Kaduna ba ta yi mata maraba ba, ba ta kuma kore ta ba. Ko kallonta ba ta yi ba. A Ƙaura in ka gai da mutum sai ya tsaya an bi gida ɗaki-ɗaki, a nan kuwa kafin ta kai ga "ya kwanan iyali" an ce mata yawwa an wuce. Ranar farko da ta fita titi, kwandastan bas ya leƙo yana "Kawo! Kawo!" sai ta miƙa masa kuɗin mota tana tsaye a ƙasa, ba ta san sunan unguwa yake kira ba. Mutanen cikin motar suka yi ta dariya, ita kuwa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

A aji ma ba ta tsira ba. Yawancinsu maza ne, manyan ma'aikata masu motoci, kowa da tarin gogewarsa ta ofis. Wata rana wani ya yi mata magana ba ta ji ba, ta juya ta ce, "Mi kac ce?" Shi ke nan ta samu suna. Har ƙarshen shekara Malama Mi-kac-ce suke kiranta, cikin raha wai, irin rahar da mai yi kaɗai ke jin daɗinta. Daga nan ta kama bakinta. In malami ya yi tambaya ta amsa da Turanci, in an tashi ta tattara littattafanta ta bi gefen katangun Unguwar Rimi, dogaye masu kwalabe a kai, har ta kai inda ake samun mota. Takan yini ba ta yi Hausa da kowa ba.

Ranar Alhamis kaɗai take da ita. Ana tashi daga aji sai ta nufi Babbar Kasuwa, wajen da ake sauke albasa, ta tarar da Kawu a kan benci yana shan fura. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta fara bin mutanen gida ɗaya bayan ɗaya: Inna, su Baffa, matar Kawu, makwabta, har tsohuwar da ke sayar da daddawa a ƙofar gida. Sai can a ƙarshe, tana kallon ƙasa, ta ce, "Da sauran yara?"

"Lahiya lau suke," in ji Kawu.

Iyakar abin da take samu ke nan, a kansa kuma take rayuwa har wata Alhamis. Ta koyi auna maganar. In ya faɗa kai tsaye, to lafiya. In ya tsaya ya kurɓi fura tukuna, to an ɗan kwanta an tashi. Ba ta taɓa ƙarawa da wata tambaya ba, shi ma bai taɓa ƙara mata ko kalma ba, don ya san ba za ta so ya kunyata ta ba.

Mutum ɗaya ce ta kula da ita a gidan hayar, matar ɗakin da ke kallon nata. Kirista ce daga kudancin jihar, tana buga tafireta a wata ma'aikata, mijinta Irmiya yana aikin kafinta. Kowa Maman Lami yake ce mata, da sunan 'yarta ta fari da ke makarantar kwana, kuma ita da kanta in ta ƙwanƙwasa ƙofa takan ce, "Ni ce, Maman Lami." Balki ta yi mako biyu sunan yana yi mata nauyi a baki. Mace ta ɗauki sunan ɗiyarta ta fari ta yafa a jiki tana yawo da shi, ko a jikinta. A gida an ja mata kunne game da zama da waɗanda ba Musulmi ba, musamman da yake ba a daɗe da yin rikici a jihar ba. Amma Maman Lami ce ta nuna mata cewa bokiti ake sa wa a layin famfo ba mutum ke tsayawa ba, ita ta gaya mata motar da ake shiga da wadda ba a shiga, ita ce kuma ta riƙa tafiya da rubutun binciken Balki ofis tana buga mata shi a lokacin hutun rana.

Wata Asabar Maman Lami tana zaune a bakin gadon Balki tana gyara mata kurakuran bugu, sai idonta ya kai kan wani ɗan hoto da ya zamo daga cikin littafi. Yarinya ce tsaye a gaban labulen mai hoto, ta ƙame, ɗankwali ya fi ƙarfin kanta.

"Kai, wannan 'yar kyakkyawa fa? Wace ce?"

Balki ta karɓi hoton ta mayar cikin littafin. "Ɗiyar Inna ta."

"Au, ƙanwarki. Ai ga kama nan. To ke Malama, naki nawa?"

Balki ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. A Ƙaura duk macen da ta ga wannan murmushin ta gane, sai ta yi dariya ta ce to mai kunya. Maman Lami kuwa ta san mijin Balki ya rasu, sai ta ɗauka ta taɓa mata ciwo, cewa ya tafi bai bar mata ko ɗaya ba. Ta dafa mata gwiwa ta ce, "Yi haƙuri, bakina ne ba shi da linzami. Ubangiji yana sane da ke." Ba ta sake tayar da maganar ba. Balki ta lura an yi mata gurguwar fahimta, ta kuma yi niyyar gyarawa wata rana, amma ta rasa ta inda ake fara irin wannan magana.

Sau biyu ta je gida a shekarar, da hutun Disamba da ƙaramar Salla. A zuwan na biyu yarinyar ta biyo ta har bakin mota tana riƙe mata jaka, Balki ta karɓa ta ce ta koma gida rana ta yi zafi. Bayan motar ta tashi ta so ta waiwaya, amma akwai matan garinsu biyu a kujerar baya, sai ta bar wuyanta a miƙe har suka fita gari.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar. A watan Agusta sai a kwana uku ba a ga rana ba, kwatocin Unguwar Shanu suka cika suka tumbatsa cikin lunguna, bangon ɗakinta ya jiƙe har tabarma tana wari. Duk ruwan da aka yi, ita lissafinta ɗaya ne: in a can ma haka ake yi, to wa ya tuna ya sa wa yarinyar rigar sanyi, wa ya hana ta taka ruwa. A cikin wannan hali aka sa jarrabawar ƙarshe, daga Litinin zuwa Alhamis, takarda safe da yamma. Ta rame, idanunta suka faɗa. Maman Lami ta ɗauke mata girki gaba ɗaya, ta hana yaran gidan wasa a ƙofarta, har mijinta ta sa ya rage ƙarar rediyo.

Ranar Alhamis da azahar ta rubuta takarda ta ƙarshe. Ta biya gida don ta ajiye littattafai ta yi salla kafin ta wuce kasuwa wajen Kawu. Tana sallamewa sai ga Maman Lami da kwanon shinkafa da wake, ta dawo daga ofis da wuri musamman, fuskarta cike da fara'a.

"An gama ko? Mun gode wa Allah. Zauna ki ci, yau ba karatu." Ta ajiye kwanon. "Yawwa, ina da saƙonki ma. Wannan kawun naki direba ya zo nemanki."

Balki ta tsaya da cokali a hannu. Tun ranar da ya sauke mata akwati, Kawu bai sake taka gidan nan ba.

"Yau?"

"A'a, tun ran Litinin. Da safe, kin riga kin fita. Ya ce wata mota ya biyo, kuma zai juya a ranar, ba zai iya jira ba."

"Mi yac ce?"

"Ba wani abu ba ne. Wai 'yar Innarku ce ba ta ji daɗi ba, amma da sauƙi. Ya ce in kin samu sarari ki leƙa gida. Na ce masa jarrabawa kike yi, ya ce to a dai gaya miki. Ni kuwa na duba yadda kika koma, na ce wallahi ba zan ɗora miki wannan ba, kin ga ke da damuwa. Tunda ya ce da sauƙi, ai ƙanwar taki tana hannun mamanta. Kwana uku ne kawai."

Da sauƙi. Wace rana aka taɓa cewa mara lafiya ba sauƙi? Mijinta ma da sauƙi ake ta cewa har aka rufe masa fuska. Mutum ya bar motarsa, ya biyo ta wani tun daga Ƙaura a ranar da ba tasa ba, ya shigo lungun da bai saba ba cikin taɓo, don kawai ya ce da sauƙi? Wanda duk ya tashi a gidansu ya san ma'anar "in kin samu sarari": ki ajiye abin da ke hannunki ki taho yanzu. Kawu ya faɗi iyakar abin da bakinsa zai iya faɗa, a gaban baƙuwar mace, game da ɗiyar fari. Tsoro ya kama Balki tun daga tafin ƙafa. Ta miƙe tana neman mayafi alhali yana kafaɗarta.

"Malama, lafiya? Na yi laifi ne?"

"Ba ƙanwata ba ce."

"To wace ce?"

Kusan shekara shida Balki ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, don ba wanda ya taɓa buƙatar a faɗa masa. Da ƙyar maganar ta fito, can ƙasa-ƙasa.

"Ni na haife ta. Sikila gare ta."

Maman Lami ta ɗora hannu biyu a ka. "Yesu," ta ce a hankali. Ta zame ta zauna a ƙasa kusa da kwanon. "Wata goma muna tare. Wata goma, Malama. Na tambaye ki. Da kin ce mini taki ce, ai da ƙafata zan zo har cikin ajin in fito da ke. Wane irin abu ne wannan, mutum ya ɓoye ɗansa?"

Balki ba ta da lokaci. Ta so ta ji haushin matar, ta nema ta rasa, domin duk inda ta juya kanta take gani. Ta fita ta bar ƙofar a buɗe.

Ana yayyafi ta isa kasuwa, zanenta ya yi kaca-kaca da taɓo. Motar tana nan inda ta saba tsayawa, amma ba a sauke komai, don babu abin saukewa. Kawu ya zo da ita wayam. Yana tsaye a jikin ƙofa, ba benci, ba fura. Ta durƙusa cikin ruwan ta gaishe shi. A karo na farko ba ta bi ta kan kowa ba.

"Kawu, ya mai jiki?"

Ya kalli wajen masu dako. "Da sauƙi. Shiga mu tahi."

Ta hau. A ƙasan kujera, inda za ta sa ƙafa, akwai huhun goro sabon ɗauri da katan ɗin sukari. Ba biki a gidansu, ba suna. Ta san abin da ake raba goro da yawa haka a kansa, ta kuma san ba a gaya wa matafiyi sai ya sauka. Ta janye ƙafafunta don kada ta taka. Suka bi ta Kawo suka ɗauki hanyar Zariya. A wani wuri ya ce, "Saƙona bai iske ki ba?" Ta ce ya iske ta yau. Ya gyaɗa kai, bai tambayi dalili ba.

Ruwa ya cinye hanya bayan Funtuwa, dole suka kwana a can. Sai ranar Juma'a da hantsi suka shiga Ƙaura. Tun daga nesa ta hango tabarmi a ƙofar gida da maza zazzaune. Ranar Laraba da safe yarinyar ta cika, yau ake sadakar uku. Da saƙon ya same ta ran Litinin, da Talata ta yi mata a gida.

A tsakar gida mata sun cika. Inna suke yi wa gaisuwa, ita aka yi wa rashi. Wadda ta juyo wajen Balki sai ta ce, "Sannu da hanya, ya karatu? Sai haƙuri, ki yi ta ba Inna baki." Balki ta amsa wa kowa, ta taya rabon gumba, ta ɗebo ruwa ga masu alwala. Ta ji wata tsohuwa a bayanta tana cewa a dubi Balki, ko ɗigon hawaye, irin wannan kara sai gidan nan. Ta ci gaba da miƙa kwano.

Sai bayan an taso daga masallaci mutane suka ɗan ragu. Inna ta kira ta ɗaki, ta saki labule. Tsohuwar ta tsufa a mako guda. Ta ba ta labarin yadda aka yi: ruwa ya doki yarinyar ran Asabar, ciwon ya tashi da dare, an kai ta asibiti an ƙara mata ruwa, an dawo da ita. Balki tana saurare, tana kallon shimfiɗar da aka naɗe aka jingine a lungu.

"Ran Talata ciwon ya lafa mata kaɗan," in ji Inna. "Har ta sha kunu. Sai tac ce mani, 'Inna, Mairo ta gidan Baffa ta ce wai ba ke kika haihe ni ba, wai Yaya ta. Gaskiya na?'"

Balki ta ɗago kai. "Mi kic ce mata?"

"Mi zan ce? Na ga ba maganata ba ce. Nic ce ta bari, an aika a kira ki, in kin zo ta tambaye ki da kanta." Inna ta share ido da bakin zane. "Tun daga nan, duk motar da ta ji ta tsaya a bakin hanya sai ta ce a je a duba."

Balki ta toshe bakinta da mayafi, ta dunƙule a jikin gadon, kafaɗunta suna rawa. Daga tsakar gida aka yi sallama, wasu masu gaisuwar sun iso daga ƙauye. Inna ta miƙa mata buta, ta ce ta wanke fuskarta kafin ta fita.